Farin Ƙwallon Malam Kalilu Na Ƙarshe

Akwai wani dattijo a garin Arlit ana kiran sa Malam Kalilu. Mutumin Damagaram ne. Tun yana saurayi ya hau kamiyo, wato babbar mota, ya zo neman aikin ma'adinai, Allah Ya ba shi tuƙi a kamfani. Shi ke kai manyan injiniyoyi, Nasaru, daga gidajensu na site, wato unguwar kamfani, zuwa buro, wato ofis, da yamma ya mayar da su.

To, Nasarun nan suna da wani wasa da suke yi a wani filin yashi da tsakuwa can bayan site. Golf sunansa. Ga wanda bai sani ba: ɗan farin ƙwallo ne da bai kai ƙwan kaza ba. A ajiye shi a ƙasa, a buge shi da doguwar sanda mai kan ƙarfe, ya tashi ya yi nisa, a bi shi a ƙafa a sake bugu, har ya faɗa wani ɗan rami. Wai a ƙasarsu kan ciyawa ake yi. To Arlit ina ciyawa? Sai kowa ya riƙa yawo da ɗan guntun tabarmar roba, ya shimfiɗa ya ɗora ƙwallonsa a kai.

Da ɗaukar musu jakar sanduna Kalilu ya fara. Yana kallo, yana kallo, har wata rana aka miƙa masa sanda. Ashe hannun mutumin yana da kyau. Kafin wani lokaci sai ga shi yana cinye waɗanda suka koya masa. In ya sunkuya ya buga, sai ka ji abokan wasa sun ɗaga murya: "Ga shi can! Ga shi can!" Domin haka al'adar wasan take. Mai bugu yana kallon ƙasa, na gefe ne ke bi masa ƙwallo da ido.

Nan fa kan Malam Kalilu ya kumbura. Jama'a, ba ƙaramin kumburi ba. In 'yan uwansa direbobi suka ce ya nuna musu, sai ya yi wani murmushi ya ce, "Wannan ba na kowa ba ne." Maƙwabta suka tambaya, ya ce su je su nemi dara. Shi kaɗai ne baƙar fata a filin, kuma ya fi son abin ya tsaya a haka.

Akwai wani mai garka, wato lambu, Akoli, mutumin ƙasar Ayar, da ke kawo salati da karoti site a kan jaki. Hanyarsa ta gefen filin take bi. Kullum sai ya tsaya ya yi kallo daga nesa, rawaninsa a rufe da baki. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya matso.

"Sannu Malam. Don Allah in gwada sau ɗaya?"

Kalilu ya dubi Nasarun, ya ƙifta musu ido, ya miƙa masa sanda. Bai nuna masa yadda ake riƙewa ba. Bai ce masa ga yadda ake tsayawa ba. Ya ja baya ya harɗe hannu.

Akoli ya ɗaga sandar bisa kansa kamar yadda ya saba ɗaga fartanya, ya sara. Yashi ya tashi, ƙwallo ko motsi bai yi ba. Nasarun suka yi 'yar dariya suka kau da kai. Amma Kalilu? Har da riƙe ciki.

"Kai mai garka, wannan ba fartanya ba ce! Je ka ba albasa ruwa."

Akoli ya ajiye sandar a hankali, ya ja jakinsa ya tafi. Ni dai duk lokacin da na zo nan wurin a labarin sai raina ya ɓaci, don tambaya kawai bawan Allah ya yi.

Shekaru suka tura. Aiki ya ja baya, aka rufe wani ramin ma'adinai, Nasaru suka kwashe kayansu. Ɗaya daga cikinsu ya bar wa Kalilu jakar sanduna da buhun fararen ƙwallaye. Abokan aiki suka watse, wasu Agadas, wasu Yamai, wasu kabari. Matarsa Zinatu ta rasu. 'Ya'ya suna can kudu, sai gaisuwa ta tarho ranar Juma'a, ita ma ba kowace Juma'a ba.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya dafa shayi ya zuba a kofi ɗaya. Ya kunna rediyo ba don labari ba, don dai a ji murya a ɗaki. Layinsu da a da motocin ma'aikata ke cika shi da hon tun asuba, yanzu sai akuya ta ratsa ta wuce.

Abu ɗaya ya rage da ke fitar da shi daga gida. Kowace safiya, in ya dawo daga masallaci gari ya waye, sai ya saɓa jakarsa ya nufi filin. Tutocin da ke nuna ramuka sun yage, ramukan sun cike da yashi, shi yake tonewa da hannu. Ya shimfiɗa tabarmarsa, ya buga, ya bi, ya buga. Babu mai cewa ga shi can.

Sai ido ya fara. Na kusa yana gani, amma abin da ya yi nisa sai ya zama fari fat, kamar an zuba nono a ruwa. Ya buga ƙwallo, ya ji ƙararsa, ya ɗaga kai, babu. Ya yi ta yawo yana lalube. Yau ɗaya ya ɓace, jibi biyu. Kuma duk Arlit babu butik ɗin da ke sayar da irin wannan abu.

Buhu ya koma rabi. Rabi ya koma cikin hula. Daga nan sai na aljihu. Ranar da ya sa hannu ya ji saura guda ɗaya tak, sai ya zauna bakin gado ya daɗe yana juya shi. Ya ce a fili, ko da yake babu mai ji, "Ranar da kai ma ka tafi, na gama fita."

Kuma ba wasa yake ba. Wanda ya san tsohon da ya rufe wa kansa ƙofa ya san abin da ke biyo baya.

Washegari ya buga shi a hankali, wai don kada ya yi nisa. Duk da haka ya ɓace masa. Malam Kalilu, mutumin da a da ba ya gaisawa da mai garka, sai ga shi a durƙushe yana rarrafe, yana shafa yashi da tafin hannu. Rana ta fara zafi. Gumi na ɗiga daga gemunsa.

Sai ya ji murya daga bayansa.

"Malam, ba nan ba. Bayanka, gindin tumfafiya."

Ya juya ya lalubo shi. Ya rungume shi a ƙirji kamar wanda ya tsinci ɗansa a kasuwa. Sannan ya ɗaga kai ya ga inuwar mutum da jaki.

"Allah Ya saka da alheri. Wane ne?"

"Mai fartanya ne."

Kalilu ya gane. Shi ma Akoli ya manyanta, furfura ta leƙo ta gefen rawani, amma hanyarsa ba ta sake ba, sai dai yanzu kasuwa yake kai kayan.

Kunya ta kama Kalilu, amma buƙata ta fi kunya ƙarfi. Ya gyara murya.

"Tunda kullum nan kake bi, ko za ka riƙa tsayawa kaɗan kana duba mini inda ya faɗi?"

"Zan tsaya," in ji Akoli. "Amma ba tsayuwar kallo ba. Na yi kallo ya ishe ni. Ka koya mini, in duba maka."

"Kai da girmanka? Wannan abu tun da ƙuruciya ake farawa."

"Da ƙuruciyar na zo, Malam."

Ya ja jakinsa ya wuce.

Kalilu ya koma gida yana huci. Wai shi za a kafa wa sharaɗi! Ya ajiye ƙwallon a kan tebur kusa da rediyo. Kwana ya bi kwana bai je filin ba, don ya san in ya buga shi kaɗai, shi ke nan. Ya zauna ya kalli ƙwallo, ƙwallo ya kalle shi. Ya ji kiran salla, ya ji kabu-kabu na wucewa can titi, ya ji maƙwabta na ba yara abinci. Babu wanda ya ƙwanƙwasa ya ce Malam lafiya ba mu gan ka ba. Wa zai ce? Ai shi ya koya wa mutane su bar shi.

Wata safiya dai ya saɓa jaka ya je ya tsaya a bakin hanyar jaki. Da Akoli ya iso, sai ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ɗaure jakin. Amma farin nan ba za ka taɓa shi ba."

"To me zan buga?"

"Ka nemo abin da za ka buga."

Washegari Akoli ya zo da ƙodagon goruba cike da aljihu, wato ƙwallon nan mai tauri da ke saura in an gama gwaguyar goruba. Kalilu ya ɗauki ɗaya ya juya, ya taɓe baki.

"Ya yi maka. Ni dai ba na bugun abin da yara suka tofar."

Aka fara karatu. Kalilu ya kama hannun hagun Akoli ya kwantar da sandar a gindin yatsunsa.

"A yatsu take zama, ba a tafi ba. Babban yatsa ya kalli ƙasa. Yanzu kawo na dama ya rufe shi. Haka. Kai, sassauta! Wa zai ƙwace maka?"

"In na sassauta za ta tashi."

"In an miƙa maka kofin shayi mai zafi, matse shi kake yi?"

"A'a."

"Yana faɗuwa?"

"A'a."

"To haka za ka riƙe."

Sai tsayuwa. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa. Gwiwa ta ɗan saki. A sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, hannuwa su sauko da kansu. Akoli ya sunkuya, hannun rigarsa mai faɗi ya zubo ya rufe sandar gaba ɗaya. Sai da aka naɗe shi har kafaɗa, aka cusa jelar rawani a wuya.

"Yanzu juya kafaɗa har bayanka ya kalli inda kake so ya tafi. Hannun hagu a miƙe. To, dawo. Idonka a kan ƙodago. Kada ka ɗaga kai sai na ce ɗaga."

Ai kuwa nan aka sha fama. Akoli mutumin daji ne. Tun yana yaro idonsa a nesa yake, yana duba raƙumi, yana duba hadari, yana duba mai zuwa. Kafin sanda ta sauko, kansa ya riga ya tashi yana neman inda abin zai faɗi. Sai sanda ta shafi iska, ƙodago na nan zaune.

"Na ce kada ka ɗaga!"

"Wallahi Malam ban san na ɗaga ba."

In kuma ya yi sa'a ya riƙe kan, sai hannu ya koma wa tsohon aikinsa. Ya sara ƙasa, sanda ta tsaya cik a yashi.

"Ba a tsayawa! Wucewa ake yi! Ƙodagon a kan hanya yake kawai, ka wuce ta cikinsa!"

Haka suka yi ta yi. In an gama karatu, Kalilu ya shimfiɗa tabarma ya buga farinsa, Akoli ya bi da ido ya ce, "Ga shi can, dama da dutsen nan." Su taka tare su ɗauko. Ba su cika hira ba. Amma Kalilu ya lura ya fara tashi da wuri, har yana wanke hula.

Sai dai hali ba ya mutuwa da sauƙi. Wata safiya Akoli ya sari ƙasa, ya sake sara, ya sake, har yashi ya shiga wa Kalilu baki. Tsohon ya tofar, ya daka tsawa.

"Kai dai hannunka na fartanya ne! Ɓata wa kaina lokaci nake!"

Akoli ya tsaya. Ya jingina sandar a jikin jaka, ya sauke hannun rigarsa.

"Na taɓa jin wannan, Malam. Wancan karon akwai masu taya ka dariya."

Ya kwance jakinsa ya tafi.

Kalilu ya waiga hagu, ya waiga dama. Fili fetal. Babu Nasara, babu direba, babu ko tsuntsu. Ga farin ƙwallo a hannu, ba damar bugawa. Wallahi na tausaya masa a nan, duk da shi ya jawo. Ya tsaya har rana ta kore shi.

Da la'asar sai ga Malam Kalilu yana tambayar hanyar garake. Bai taɓa zuwa ba, duk shekarun da ya yi a garin. Ya sami Akoli yana ban ruwa. Ya yi sallama, aka amsa masa a gajarce. Ya tsaya kusa yana neman ta inda zai fara, don bakinsa bai saba da ban haƙuri ba.

Yana cikin haka sai ya lura da wani abu. Akoli ya cika bokiti, ya tsaya a gefen fangali, ya ja bokitin baya yana juya kafaɗa, sannan ya juyo da ƙugu ya watsa ruwan ya bazu har ƙarshen fangalin. Cikinsa ya kalli inda ruwan ya tafi. Diddigen damansa ya tashi daga ƙasa.

"Tsaya! Sake yi!"

Akoli ya dube shi da mamaki, ya sake.

"La ilaha illallahu. Ai ga shi nan! Wannan nake ta nema a wurinka! Ba hannu ke watsa ruwan ba, ƙugu ne. Kuma ba ka tsayawa a tsakiya, in ka tsaya a ƙafarka zai zube."

"Wannan ai ban ruwa ne, Malam."

"Shi ne. Ni ne ban iya koyarwa ba. Na yi ta ce maka ka manta garka, ashe a garkar abin yake." Ya matso kusa da shi. "Ka yafe mini, Akoli. Na yau da na wancan karon."

Karo na farko ke nan da ya kira sunansa. Akoli ya ajiye bokiti, ya ce, "Ya wuce. Zauna, shayi na kan wuta."

Daga ranar abin ya sake. Kalilu ya daina cewa buga, ya koma cewa, "Watsa ruwa." Akoli ya ja baya, ya juyo da ƙugu, sanda ta wuce ta cikin ƙodago ta ƙare a bayan wuyansa. Kansa na ƙasa har sai ya ji "Ɗaga!" Ƙodago ya fara tashi. Ba ya zuwa da nisa, don ba a yi shi don haka ba, kuma ƙararsa wani ƙwas ne mara daɗi. Amma yana tashi.

Kalilu ba ya ganin inda yake faɗuwa, kunne yake sawa. Kuma kunnen ya fara gaya masa cewa mutumin nan ya wuce ƙodago. Abin ya dame shi. Ya san ɗalibinsa bai taɓa jin yadda ainihin ƙwallo ke barin sanda ba, kuma duk garin guda ɗaya ne, yana aljihunsa.

Wata safiya ya shimfiɗa tabarmar roba, ya ɗora farin ƙwallon, ya ja baya.

"Zo."

"Ni? A'a Malam. In na sunkuya, kai kuma ba ka gani, wa zai duba mana?"

"Zan ce maka ɗaga da wuri, za ka same shi a sama. Zo kafin in sake shawara."

Akoli ya naɗe hannun riga. Yatsu, babban yatsa, kofin shayi. Ƙafa daidai kafaɗa. Ya yi bisimilla, ya ja baya, ya watsa.

Tas!

Jama'a, wannan ƙara Malam Kalilu ya san ta. Ita ce ƙarar da ke fita in tsakiyar sanda ta sami tsakiyar ƙwallo, ba a ji komai a hannu. Rabon da ya ji ta daga hannun wani, tun filin na da mutane. Ya tsaya baki buɗe, tsigar jikinsa ta tashi, idonsa ya kawo ruwa. Ya manta da komai.

Can sai ya ji wata 'yar murya daga ƙasa.

"Malam... in ɗaga?"

Akoli na nan a sunkuye, idonsa a kan tabarma, kamar yadda aka koya masa.

"Innalillahi! Ɗaga! Ɗaga!"

Ina! Sama wayam. Ƙwallo ya daɗe da sauka inda zai sauka.

Suka nema. Akoli ya bi gabas ya bi arewa, ya duba gindin kowace tumfafiya, ya tona inda yashi ya yi laushi. Kalilu na biye yana shafa ƙasa da ƙafa. Har rana ta take, jaki ya fara kuka, kayan garka na yaushi. Babu.

"Malam, laifina ne."

"Ba laifinka ba ne. Abin da na ce ka yi, shi ka yi. Ni ne ban ce ɗaga ba." Ya naɗe tabarmarsa. "Bugu ya yi kyau, Akoli. Ban taɓa jin wanda ya fi shi ba. Je ka kai kayanka kasuwa."

Ya koma gida. Ya tura jakar sanduna ƙarƙashin gado, ya rufe ƙofa, ya sa sakata. Bai yi nadama ba, amma ya san abin da ya faɗa da bakinsa. Wurin da ƙwallon ke zama a kan tebur ya bar ɗan zagaye. Ya kwanta yana kallon rufi. Ko rediyon bai kunna ba.

Gari ya waye bai fita ba. Wani ya sake wayewa, a ɗaki ya yi salla. Shayin ma ya daina dafawa.

Sai wata safiya ya ji bugun ƙofa. Ya ɗauka iska ce, don ƙofar nan ta manta da hannun mutum. Aka sake bugawa.

"Malam! Rana na yi!"

Ya buɗe. Akoli ne, amma ba shi kaɗai ba. Ga wata mata da kwano a ka, ga wani dogo ya jingina babur a bango.

"Wannan ƙanwata ce, Lalla. Wannan Alhassane, a ramin ma'adinai yake aiki da, yanzu kabu-kabu yake ja. Na ga mu biyu ba mu isa ba, shi ne na kawo ido."

"Ai babu ƙwallo, Akoli. An gama."

Lalla ta sauke kwanon a gabansa. Ƙodago ne cike, amma kowane an goge shi an shafa masa farar ƙasa, sun yi fari tas.

"Malam, ni fa ba kallo kawai na zo ba," in ji ta. "Tun da wannan ya fara, ya hana mu sakat a gida, har da muciyata yake watsa ruwa. In shi ya iya, ni me zai hana ni?"

Alhassane ya sosa ƙeya. "Ni kuma Malam, na taɓa tambayar ka tun ana aiki. Ka ce in je in nemi dara."

Kalilu ya dubi kwanon. Ya dubi fuskokin nan da ke tsaye a ƙofarsa suna jiran sa. Ya juya ya shiga ɗaki. Suka dubi juna. Can sai suka ji ana jan wani abu daga ƙarƙashin gado.

A filin, Akoli ne ya kama hannun Alhassane yana cewa, "A yatsu, ba a tafi ba. Sassauta, wa zai ƙwace maka?" Lalla ta sari ƙasa har yashi ya rufe ta. Aka yi dariya, ita ta fi kowa. Kalilu bai yi dariya ba, ya ce, "Madalla. Kowa da haka ya fara. Kin taɓa watsa ruwa da bokiti?"

Da aka gama, Lalla ta zaɓo ƙodago mafi zagaye ta ɗora a kan tabarma.

"Saura malami."

Wannan fa shi ne abin da ya rantse ba zai buga ba. Ya ɗauki sanda. Ya gyara tsayuwa, ya sunkuya, ya ja baya, ya juyo. Ƙwas! Ƙara mara daɗi, kuma bai yi rabin nisan da ya saba ba.

"Ga shi can!"

"Ga shi can, Malam!"

"Hagu da dutse, ya gangara!"

Murya uku a tare, da Hausarsu, suna tsalle kamar yara. Malam Kalilu bai ɗaga kai ba. Ya daɗe a sunkuye, sanda a hannu, kafaɗunsa na rawa. Yashin da ke gaban takalminsa ya jiƙe ɗigo-ɗigo.

Akoli ya matso ya dafa shi, ya ce a hankali, "Malam, ɗaga."

Farin ƙwallon nan har yau ba a gan shi ba. Kuma Malam Kalilu bai ƙara tambayar sa ba.

Darasi: Abin da ka iya, in ka ɓoye shi don kada wani ya kamo ka, ranar da ƙarfinka ya ƙare kai kaɗai za ka tsaya da shi a fili, babu mai ce maka ga shi can. Kada ka yi wa mai koyo dariya, kada ka raina sana'ar da ya zo da ita, don wataƙila a cikinta hanyar koya masa take. Ka koyar tun kana gani, ka ba da haƙuri tun ana jin ka. In akwai wani dattijo a layinku da aka kwana biyu ba a ga ƙofarsa a buɗe ba, je ka ƙwanƙwasa yau. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda kuka san yana da abin koyarwa amma ya rufe hannu.